Damina Ko Manomi: Me Ke Sa Daraktan Fim Ya Ci Kasuwa?

A tsakiyar shekarar 1997 babu fim ɗin da jaridun Amurka suke yi wa mummunan zato kamar Titanic. Kuɗin da aka zuba masa ya kai dala miliyan 200, abin da ba a taɓa kashe wa wani fim ba kafin lokacin. An gina wata makekiyar matattarar ruwa a gaɓar tekun Meziko domin ɗaukarsa, aiki ya yi ta jan ƙafa, har aka ɗage fitowarsa daga watan Yuli zuwa Disamba. Sai da kamfanoni biyu, Fox da Paramount, suka haɗa aljihu, shi kuma daraktan, James Cameron, ya yafe kasonsa na riba. Fim ne da ya haura awa uku, kan labarin da kowa ya san ƙarshensa tun 1912. Da ya fito, ya shafe mako 15 a jere yana kan gaba a sinimomin Amurka, ya tara kimanin dala biliyan 1.8 a duniya, ya kwashi lambobin yabo na Oscar guda 11. Daga nan bakin mutane ya juya, masu cewa Cameron ya yi ganganci suka koma cewa hangen nesa gare shi. Wannan juyin baki shi ne tushen gardamar da ba ta ƙarewa: daraktocin da fina-finansu ke cin kasuwar duniya, gwanaye ne ko masu sa'a? Matsayina shi ne kowanne daga cikin biyun yana da gonarsa. Sa'a ce ke buɗe wa mutum ƙofa, ita ce kuma ke yanke iyakar tsayin da fim guda zai kai. Gwaninta ce ke hana shi faɗuwa ƙasa warwas, ita ke sa ya maimaita. Kuskurenmu shi ne muna auna darakta da fim ɗaya, alhali fim ɗaya labarin damina yake bayarwa fiye da labarin manomi.

Ya kamata a fara da ba masu cewa sa'a ce haƙƙinsu, domin hujjojinsu masu nauyi ne. Abin da nake nufi da sa'a a nan shi ne duk abin da ya fi ƙarfin hannun darakta kuma ba shi da hanyar saninsa tun da wuri. William Goldman, marubucin fim wanda ya ci Oscar sau biyu, ya kafa hujja a littafinsa na 1983 cewa babu wani shugaban kamfani a Hollywood da ke iya faɗin fim ɗin da zai karɓu kafin ya fito. Tarihi ya goyi bayansa. Kamfanonin United Artists da Universal sun ƙi labarin Star Wars na George Lucas, kuma ko da Fox ta karɓa, a sinimomi 32 kacal aka fara nuna shi a ranar 25 ga Mayun 1977. Masanin tattalin arziki Arthur De Vany da abokin aikinsa David Walls sun bi diddigin fina-finai sama da 2000, suka gano cewa 'yan ƙalilan ne ke kwashe mafi yawan ribar masana'antar, kuma sanya babban jarumi ba ya ba da tabbacin samun riba. Kuɗin da fim ke samu ba ya taruwa kusa da wani matsakaici kamar tsawon mutane, inda yawanci ke kusa da juna. Yakan zo ne kamar ambaliya: shekara ta wuce ana yayyafi, sai fim guda ya cika kogi.

Dalilin haka ya fito fili a wani gwaji da Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts suka wallafa a mujallar Science a 2006. Sun tara mutane sama da 14,000 a intanet, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Suka raba su rukuni-rukuni, ta yadda a rukunai takwas kowa yana ganin abin da na gabansa suka zaɓa, amma babu rukunin da ke ganin na wani. Waƙoƙin iri ɗaya ne, sai dai wadda ta yi tashe a wannan rukuni tana iya zama 'yar baya a wancan, saboda kawai mutanen farko sun karkata wani wajen kuma na baya sun bi sawu. Kasuwar fim ma haka take tafiya, domin mutum yakan je kallon abin da ya ji abokansa na zancensa. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san Sholay kamar yunwar cikinsu, amma lokacin da ya fito a ranar 15 ga Agustan 1975 masu sharhi sun kushe shi, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi, har daraktan, Ramesh Sippy, da mutanensa suka tattauna ko a sauya ƙarshen labarin. Sai zance ya bazu daga baki zuwa baki, fim ɗin ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. Ko rawar Gabbar Singh da Amjad Khan ya taka a fim ɗin, da farko Danny Denzongpa aka ba, wani aiki a Afganistan ya riƙe shi. Babu daraktan da ya isa ya tsara irin wannan.

Lokacin fitowa ma wani rabo ne. A ranar 25 ga Yunin 1982 aka saki Blade Runner na Ridley Scott da The Thing na John Carpenter, mako biyu bayan E.T. na Steven Spielberg ya mamaye sinimomi. Jama'a a lokacin sun kamu da son labari mai taushi na yaro da baƙonsa daga sararin samaniya, ba su da sha'awar duhu da firgici. Dukansu biyun suka sha ƙasa a kasuwa, amma yau ana lissafa su cikin fitattun ayyukan zamaninsu. Gwanintar tana nan a cikinsu tun ranar farko, damina ce ba ta zo ba. Akwai kuma kishiyar wannan. The Blair Witch Project na 1999, wanda Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka ɗauka da kuɗin da bai kai dala 100,000 ba, ya samo kusan dala miliyan 250, domin ya zo daidai lokacin da intanet ke sabuwa kuma mutane da yawa suka ɗauka abin da ke ciki gaskiya ne. Daga su biyun babu wanda ya sake kusantar wannan nasara. Michael Cimino ya ci Oscar na gwarzon darakta da The Deer Hunter na 1978, kamfanin United Artists ya sakar masa mara, ya kashe dala miliyan 44 a kan Heaven's Gate, fim ɗin ya dawo da abin da bai kai miliyan 4 ba, kuma a 1981 aka sayar da kamfanin ga MGM. Waɗanda suka ba shi kuɗin sun karanta nasara guda a matsayin shaidar da ba ta ƙarya.

A zamanin nan an ƙara samun wani abu na uku da ke rikita lissafi, wato sunan da darakta ya gada. Colin Trevorrow ya yi ƙaramin fim guda a 2012, sai aka danƙa masa Jurassic World, wanda ya tara sama da dala biliyan 1.6 a 2015. Bayan shekara biyu ya fitar da nasa na kansa, The Book of Henry, bai mayar da kuɗinsa ba. Da ya koma Jurassic World Dominion a 2022, masu sharhi sun yi masa ca, amma ya sake haura dala biliyan ɗaya. Wannan ba zargi ba ne a kan mutumin, domin riƙe aiki mai ɗaruruwan ma'aikata har ya kammala ba wasan yara ba ne. Abin da yake nunawa shi ne 'yan kallo sun sayi tikitin ne saboda sunan da Spielberg ya gina tun 1993. Wanda aka ba fadamar da kakanni suka yi wa taki ba za a auna shi da ma'aunin wanda ya sare daji ba. Saboda haka adadin kuɗin da fim ya samu, shi kaɗai, ma'auni ne mai rauni, kuma duk wanda ke jera daraktoci bisa yawan biliyoyinsu yana auna kamfanoni ne ba tare da ya sani ba.

Duk da haka, hujjar sa'a tana da inda take tsayawa, kuma gwajin waƙoƙin nan da kansa ya nuna wurin. Masu binciken sun lura cewa waƙoƙin da suka fi kyau da wuya su faɗi can ƙasa a kowane rukuni, mafi muni kuma da wuya su hau can sama, a tsakani ne komai ke iya faruwa. Ma'ana inganci yana shata iyaka, sa'a kuma tana yawo a cikin iyakar. Idan aka ɗora wannan a kan Cameron, za a ga ba Titanic ne farkonsa ba. Ya yi The Terminator a 1984 da kimanin dala miliyan 6, ya biyo da Aliens a 1986, Terminator 2 a 1991 da True Lies a 1994, kowanne ya ci kasuwa. Bayan Titanic ya yi Avatar a 2009, labarin da ba shi da wani tsohon suna da zai jingina da shi, ya karya tarihin da shi da kansa ya kafa. A 2023, cikin fina-finai huɗu da suka fi kowanne tara kuɗi a tarihi, uku nasa ne. A Indiya, S. S. Rajamouli ya fara a 2001 da harshen Telugu, kuma cikin fina-finansa 12 da wuya a nuna wanda ya faɗi, har da Eega na 2012 wanda jaruminsa ƙuda ne, kafin Baahubali da RRR su kai sunansa duniya. Wanda ya sa miliyoyin mutane suka damu da rayuwar ƙuda ya san wani abu game da zuciyar ɗan kallo.

Mene ne wannan abin da suka sani? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma babu inda miya ta ƙare kamar wurin ɗaukar Jaws a 1974. Spielberg yana da shekara 27, ya dage sai a ɗauki fim ɗin a kan teku na gaske. Kifin shak na inji da aka ƙera ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, aikin da aka tsara wa kwana 55 ya kai kwana 159, kuɗi ya ninka. Sau da yawa ana ba da wannan labari a matsayin shaidar sa'a, wai lalacewar injin ce ta sa aka ɓoye kifin, ɓoyewar kuma ta ƙara tsoro. Amma inji yakan lalace wa kowa, kuma mafi yawan waɗanda ya lalace wa mummunan fim suke fitarwa. Abin da Spielberg ya yi shi ne ya mayar da kyamara idon kifin, ya bar ganguna masu launin rawaya da ke yawo a saman ruwa su nuna inda yake, ya jingina da kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke sanar da zuwansa. Wannan dabara ba ranar ya ƙirƙire ta ba. Shekara uku kafin nan, a fim ɗin talabijin mai suna Duel, ya sa wata babbar mota ta yi ta farautar wani matafiyi ba tare da an taɓa nuna fuskar direbanta sosai ba. Tsautsayi ya same shi da kayan aiki a hannu. Gwanintar darakta ke nan a aikace: sanin abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, sanin inda idon mai kallo yake a kowace daƙiƙa, da yanke ɗaruruwan hukunci a rana ba tare da zaren labari ya tsinke ba.

Za a ce, kuma an sha faɗa, cewa waɗanda suka tsira kawai muke gani. Idan mutum 1024 suka jefa kwabo sau 10, lissafi ya nuna ana sa ran a sami guda wanda kwabonsa zai faɗi ta fuskar da aka zaɓa tun farko duk sau goman, kuma ba za a kira shi gwanin jefa kwabo ba. Ana ƙarawa da cewa nasarar farko ce ke jawo manyan kuɗi da manyan jarumai da talla, su kuma su haifi nasara ta biyu. Wannan suka tana da ƙarfi, amma tana da gurbi biyu. Na farko, fim ɗin da ke girgiza duniya ba rabi-da-rabi ba ne kamar kwabo, abu ne da ke faruwa ga ƙalilan cikin ɗaruruwan da ake fitarwa kowace shekara, don haka a ce mutum ɗaya ya dace da shi sau da yawa cikin shekara 40, da labarai mabambanta, ya wuce abin da dace kaɗai ke iya bayani. Na biyu, da kuɗi ne ke haifar da nasara, da Heaven's Gate bai faɗi ba, da kuma John Carter na 2012 bai jawo wa Disney asarar kimanin dala miliyan 200 ba. Kwabo ba ya koyon darasi, darakta kuwa yana koya. Bayan da 1941 na Spielberg ya cinye kuɗi ya kuma kasa cika burin da aka ɗora masa a 1979, ya koma ya ɗaure kansa da tsari, ya gama Raiders of the Lost Ark kafin wa'adin da aka ba kamfani. Raj Kapoor ya kusa tsiyacewa da Mera Naam Joker a 1970, ya dawo da Bobby a 1973 bayan ya fahimci matasa ne ke cika sinima. Yadda mutum ke tashi bayan faɗuwa ya fi nasararsa bayyana ko shi wane ne.

Wata sukar ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka jingina nasara ga darakta zalunci ne ga sauran. Gaskiya ne. Star Wars ya sami siffarsa ne a ɗakin tace hoto, kuma masu tacewar uku, Paul Hirsch da Marcia Lucas da Richard Chew, su suka ci Oscar, ba George Lucas ba. Verna Fields ta ci tata a kan Jaws. Sholay ba zai zama Sholay ba in babu alƙalamin Salim Khan da Javed Akhtar da kiɗan R. D. Burman. Ina ganin ya dace 'yan jarida da masu kallo su riƙa kiran waɗannan sunaye fiye da yadda suke yi. Sai dai gane gwani da riƙe shi shekara da shekaru shi ma gwaninta ce, wataƙila ma ita ce babba. Spielberg ya yi aiki da John Williams kusan shekara 50. Rajamouli ya riƙe M. M. Keeravani a kiɗa tun fim ɗinsa na farko, mahaifinsa Vijayendra Prasad kuma shi ya rubuta labarin yawancin fina-finansa. Har ma abin da ya fara a matsayin dace, mai hankali yakan mayar da shi tsari. Tilas ce ta kai Titanic watan Disamba, amma ci gaban Avatar na 2022 da gangan aka kai shi can. A Najeriya, Funke Akindele ta mayar da hutun ƙarshen shekara lokacin fitar da manyan fina-finanta, kuma A Tribe Called Judah da ya fito a Disamban 2023 ya zama fim ɗin ƙasar na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima, bayan ta riga ta karya tarihin kasuwar sau biyu.

Inda nake ganin sa'a ta fi ƙarfi, kuma inda aka fi yin shiru a kanta, shi ne bakin ƙofa. Kafin a yi gardamar ko darakta gwani ne, sai an fara ba shi kyamara da kuɗi. Ramesh Sippy ɗan furodusa G. P. Sippy ne. Aditya Chopra, wanda ya yi Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995 yana ɗan shekara 24, ɗan Yash Chopra ne. Wannan bai rage musu gwaninta ba, amma ya ba su damar nuna ta tun suna matasa. Patty Jenkins kuwa ta yi Monster a 2003, fim ɗin da ya sa jarumarsa ta ci Oscar, amma sai bayan shekara 14 ta sake fitar da fim na sinima, Wonder Woman, wanda ya tara sama da dala miliyan 800. Sai a 2010 mace ta fara cin Oscar na gwarzon darakta, wato Kathryn Bigelow. Ba wanda zai yarda cewa a duk shekarun da suka gabata ba a haifi mata masu baiwar ba, ko baƙaƙen fata irin Ryan Coogler da ya yi Black Panther a 2018. Saboda haka idan na ce waɗanda suka daɗe a sama gwanaye ne, ban ce su kaɗai ne gwanaye ba. Waɗanda aka ba gona ne kawai muke iya auna nomansu.

Wannan gardama ta wuce hirar masu sha'awar fim, domin amsar da aka ba ta tana shafar yadda ake kashe kuɗi da yadda ake renon matasa, daga Hollywood har Kannywood. Mai zuba jarin da ya gaskata gwaninta ce kaɗai zai kwashi dukiyarsa ya miƙa wa wanda ya yi tashe bara, ya kuma juya wa wanda ya faɗi sau ɗaya baya, kamar yadda aka yi wa Carpenter bayan 1982. Matashin da ya gaskata sa'a ce kaɗai ba zai ga dalilin zama ya koyi rubutun labari da tsarin haske da tace hoto ba, zai tsaya jiran ranarsa, ranar kuma ta zo ta same shi hannu wofi. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne a duba aikin mutum a jere: me ya yi lokacin da kuɗi ba su da yawa, me ya yi ranar da inji ya lalace, ya iya jan jama'a da labarin da ba su taɓa ji ba, kuma me ya gyara bayan ya faɗi? Masu kuɗi kuma su yawaita ƙananan damammaki ga sababbin hannu, tunda babu wanda ya san inda gwani na gaba yake. Manomi ba ya saukar da ruwa, kuma shekarar fari tana cin gonar gwani kamar yadda take cin ta rago. Amma duk ƙauye an san wanda rumbunsa ba ya rabuwa da hatsi shekara goma a jere, kuma babu mai cewa gonarsa kaɗai hadari ke nufa.